Wanda Ya Daidaita Tayoyin Iwase

Ranar da dutse ya rufto ya toshe mana hanya, ranar ce kwale-kwalen tsoho Iwase ya ɓace, shi da 'yar tirela mai taya biyu da yake zaune a kai.

Hanya ɗaya gare mu a Nisenai, wadda ta bi ta wani rami da aka huda a cikin dutse ta ɓulle wancan gefe. Bayanmu dutse, gabanmu teku. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya kwaso laka da itatuwa ya jibge a bakin ramin, tekun kuwa ya yi fushin da ko mahaukaci ba zai sa jirgi a cikinsa ba. Da Tsuboya, shugaban ƙungiyar masunta, ya buga wa 'yan sanda waya, cewa suka yi mu yi haƙuri sai an buɗe hanya. Wato dai ɓarawo yana cikinmu, abin da ya sata yana cikinmu, kuma babu mai fita.

Ga shi saura ƙiris a ɗaga farar tuta. In ta tashi kowane gida fita yake yi yankan kombu, ciyawar tekun da muke ci da ita muke sha. Maza su yanko a ruwa, mata su ja su shanya a kan tsakuwa. Gidan da tuta ta samu ba kwale-kwale ya yi asarar shekara.

Kafin in ɗaura ɗankwali gari ya cika a ƙofar rumfar Iwase. Yana tsaye a gurbin tirelar yana zazzaga masifa, jijiyar wuyansa kamar igiyar anga. Matarsa Kinue tana bayansa riƙe da rigar ruwansa.

"Tun ina saurayi nake ajiye jirgi a nan, ko ƙugiya ba a taɓa ɗaukar min ba!" in ji shi. "Da can mun san kwaɗon kulle ƙofa ne a garin nan? Sai da aka fara kwaso mana baƙi."

Baƙo ɗaya ne a Nisenai, kuma surukina ne. Shingo ɗan birni ne, ya auri 'yata Mihoko ya biyo ta, yana taya ni aiki a shagon tayar da mijina ya mutu ya bar min. Yaron kirki, sai dai bakinsa ba linzami. Da bazara ya je har gida ya ce wa Iwase ya sayar masa da kwale-kwalen tunda tsufa ya zo, Iwase ya raka shi da tsintsiya. Duk gari an sani.

Ba wanda ya ambaci sunansa. Mu nan ba ma ambatar suna. Daina gaishe ka kawai za a yi, in ka shiga kanti hira ta mutu, in an yi rasuwa ba a aiko maka ba, har ka gaji don kanka ka tattara naka ya naka. Mihoko, da tsohon cikinta, ta same ni a shago ta ce, "Inna, in aka yi wa Shingo haka, ranar da aka buɗe hanya za mu tafi. Ba zan haihu a inda ake kallon uban ɗana a matsayin ɓarawo ba."

Ita ke nan gare ni a duniya. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ja ƙofar shago na nufi gidan Genzo.

*

Genzo maharbin barewa ne, ya tsufa yana bin sawu a dutsen bayanmu. Tafiyarsa a hankali, maganarsa a hankali, in kana sauri zai iya sa maka hawan jini. Na same shi yana gasa busasshen kifi.

"Yaya Genzo, tashi, aiki ya same ka."

"Barewa ta cinye miki kabeji?"

"Ɓarawo za ka bi min."

"Yana da kofato?" Ya juya kifinsa. "Tomie, sawu fa ba kare ba ne da za ki ce masa tsaya ya tsaya. Inda ya nufa nan zan nufa, ko da ɗakinki ne."

"Na ji. Sa takalminka."

A rumfar Iwase ya kori mutane baya, ya tsuguna. Sawun motar da ta ja tirelar bai amfana masa komai ba, domin kowane gida a garin farar ƙaramar akori-kura gare shi iri ɗaya, tayoyin ma duk ni na sayar musu. Ya daɗe yana shafa ƙasar rumfar, wadda ruwa bai taɓa ba. Can ya yafito ni. A kowane gefe, kusa da inda taya ke tsayawa, akwai shatin katako da ya nutse a ƙasa. Ya buɗe tafinsa, sai ga guntun alli da wani ɓarɓashi mai ruwan toka.

"Dalma," ya ce. "Katako a ƙarƙashin jak, alli, dalma. Ke ce mai taya. Me aka yi a nan?"

Bakina ya riga hankalina. "Daidaita taya aka yi. Ka ɗaga ta da jak, ka juya ta ka saki. Gefen da ya fi nauyi shi zai sauko ƙasa, ka yi masa alama da alli, ka manna dalma a ɗaya gefen, ka sake juyawa. Haka za ka yi ta yi har sai ta tsaya duk inda ka tsayar da ita. Haka marigayi mijina yake yi kafin mu sayi na'ura."

"To mene ne abin zare ido?"

"Haba Yaya, wa ka taɓa gani ya daidaita tayar tirela a garin nan? Daga rumfa zuwa bakin ruwa ne fa, tafiyar da kunkuru zai riga ka isa. Taya ba ta nuna halinta sai an hau kwalta an taka wuta, nan za ta fara tsalle tana jijjiga mota kamar za ta tsinke ƙugiyar da ke jan ta. Wanda ya yi wannan, doguwar tafiya ya shirya."

Ashe Tsuboya yana tsaye a bayana. Ya gyara murya ya ce, "To, wa kuma ya iya wannan aikin in ban da masu shagon taya?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na je neman mai wanke surukina, na ɓuge da ƙara masa dauɗa da bakina. Kafin rana ta take maganar ta zaga gari, matar mai kanti ta gan ni ta shiga gyaran gwangwanayen da ba su karkace ba.

*

Muka shiga gidan Iwase. Kinue ƙawata ce tun muna amare. Duk lokacin sanyi a shagona take yini, kusa da murhu, tana kallon aiki muna gulmar gari. Ta kawo mana shayi, ta tallabo butar da wuyan hannuwanta biyu, don yatsunta sun daɗe da daina rufuwa.

"Ba ka ji tashin mota ba?" Genzo ya tambayi maigidan.

"Na sha 'yar giyar shinkafata na kwanta. Da wannan ruwan, ko gidan aka ɗauka ba zan ji ba."

"Ke fa, Kinue?"

"Ruwa kawai na ji, Yaya."

"Wa ke shiga rumfar in ba ka nan?"

"Ita me ta sani da za ka tsaya tambayarta?" Iwase ya katse. "In ba ɗan birnin nan ba ne, to maƙwabcina Noboru ne. Tun da aka raba mana iyakar mashanyar kombu yake jin haushina. Je ka shinshina can."

Da za mu fita Kinue ta riƙo hannun rigata a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Shingo ba ɓarawo ba ne, Tomie." Sai da hawaye ya zo min, don ita kaɗai ta faɗa min haka a ranar.

*

Sawun tirelar bai bi layi ba, inda karen Tsuboya yake haushin ko inuwarsa. Ta baya ya zaga, cikin laka, ya zo ya tsaya cak a gefen mashanyar Noboru. Genzo ya kewaya filin tsakuwar, sai ga sawun ya fito ta ɗaya gefen ya hau kwalta.

Noboru ya fito da sandarsa, dama shi kullum a shirye yake da faɗa.

"Kai Genzo, me kake leƙe a filina?"

"Mota ta bi ta kan tsakuwarka."

"Ta kan tsakuwata? Wane ɗan banza ne zai hau mashanya da taya? Buɗe idonka ka duba, tsoho. Ka ga alamar taya?"

Gaskiyarsa. Filin a share yake tas, kamar gobe za a shanya.

"Iwase ya ce ka san inda jirginsa yake."

"Iwase ya ci kansa! Da me zan ja jirgin, da haƙorina? Motata tana shagon wannan matar ƙafa uku, kullum gobe, kullum gobe."

Wannan ma gaskiya ne, ban ji daɗin yadda ya faɗa ba dai.

"Ina maiɗakinka?" in ji Genzo.

"Ta tafi jinyar 'yarta a gari tun kafin ruwan nan, yanzu hanya ta rufe da ita. Ni kaɗai nake fama, shinkafa ma ta ƙone min." Ya nuna ni da sanda. "In sawu kuke nema, ku tambayi surukinta me ya kai shi bakin rami da sassafe. Da idona na gan shi yana dawowa, laka har gwiwa."

Shingo fa bai gaya min ya fita ba.

*

Mun same shi a shago yana goge abin da ba ya bukatar gogewa. Takalman robarsa suna bayan ƙofa, jar lakar dutse ta bushe a jikinsu.

"Me ka je yi bakin rami?" na daka masa tsawa. "Kuma ka rufe ni kamar ba uwarka ba?"

"Inna, hanya na je dubawa. Na ji rugugin dutse, na ce in naƙuda ta kama Mihoko ta ina za mu bi? Da na dawo na ji ana maganar jirgi, sai na ga in na ce na je can, shi ke nan sun samu abin da suke nema."

"Sun samu ai, da kuɗinsu ma ba za su sayi wanda ya fi wannan ba."

Genzo ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Me ka gani a can, ɗan birni?"

"Laka da itatuwa, Baba. Sai sawun wani da ya juya da tirela. Amma fa ya sha wuya. Ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya, har ya faɗa kwata da taya ɗaya. Ni kaina da ake yi wa dariya na fi shi iya ja da baya."

Genzo ya dube ni, ya miƙe. Duk namijin da aka haifa a Nisenai, kafin ya iya aske gemu ya iya tura tirela da baya har cikin ruwa.

*

A bakin ramin na ga abin da ya tsare mu: tudun laka ya fi gida tsawo, saiwoyin itatuwa a sama. Na tsaya ina kallo. Genzo ko ɗaga kai bai yi ba. Ya bi sawun da ya yi ta kai da kawowa, har ya ga inda ya saki kwalta ya shiga wata tsohuwar hanya mai ciyawa, wadda ke zuwa rumbun ragar kamun kifi da aka daina amfani da shi. A can muka sami kwale-kwalen a kan tirelarsa, an lulluɓe shi da tamfol, an ɗaure kowace kusurwa tsaf.

Na durƙusa wajen tayoyin. Dalmar raga ce aka buge ta yi faɗi, aka yanka ƙanana, aka manna a cikin ƙarfen taya, aka bi da salatif. Alamun alli sun yi yawa a jikin robar, an zana an goge, an zana an goge. Na ɗauko jak a motata na ɗaga gefe ɗaya, na juya tayar. Ta yi ta juyawa sumul, ta tsaya ba ta koma baya ba.

"Yaya aikin?" in ji Genzo.

"Mai haƙuri ne ya yi. Shingo da na'ura zai yi, kafin shayi ya huce ya gama, kuma da dalmar shago."

"Tsuboya zai ce ya yi haka ne don ya ɓad da sawu."

"To me zai gamsar da su? Sai ɓarawon ya rubuta sunansa a taya?"

"Ki daina yi min ihu, ba ni na sata ba." Ya soshi ƙeya. "Akwai abin da ke damuna. Mu koma filin Noboru."

*

Wannan karon bai kalli laka ba, tsakuwar ya tsuguna wa. Ni ma na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara.

"Mutumin nan bai damu ya ɓoye sawunsa ba," ya ce. "A laka ya bar shi, a bakin rami ya bar shi, makaho ma zai bi. To me ya sa nan kaɗai ya share?"

Ya nuna min layukan manjagara. Daga tudu suka taso zuwa ruwa, yadda ake ja don ruwan sama ya sami hanya. Gajeru ne ƙwarai, kamar na wanda hannunsa ba ya miƙewa. A gefen filin ga 'yar tarin tsakuwa mai laka, an tsince ta ɗaya bayan ɗaya an fitar. Sannan ya kai ni kusurwar filin, inda dutsen iyaka yake. A kansa an tara ciyawa da aka tuge, saiwoyinta a sama don kada ta sake kamawa, ƙasar jikinsu ko bushewa ba ta yi ba.

"Matar Noboru ba ta gari," in ji Genzo. "Shi kuwa ko ciyawa ta kai masa ƙugu ba zai gani ba."

Na ƙura wa ciyawar ido. Mata da yawa suna tuge ciyawa, amma mace ɗaya na sani da ke kifa ta a kan dutse saiwa a sama, kuma na sha yi mata tsiya a kai. Na tuna yadda take zama kusa da murhu tana kallon marigayi yana juya taya. Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa.

"Yaya, a ce jirgi an same shi, a bar maganar haka."

"Sai a bar ta a wuyan wa?"

Na san amsa. In aka yi shiru, Shingo ne ɓarawo har ya mutu, 'yata ta tafi da jikana a ciki. In aka yi magana, na tona wa Kinue asiri a gaban gari. Gaba kura, baya sayaki. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa, sannan na share fuska na ce masa ya sa Tsuboya ya tara mutane.

*

Da yamma aka hallara a zauren ƙungiya. Maza a gaba, mata a baya wajen butocin shayi. Shingo yana zaune shi kaɗai, an bar masa fili hagu da dama kamar mai ƙyanda. Genzo ya shigo a makare, ya ɗora ƙunshin ciyawa a kan teburin Tsuboya.

"Jirgi yana tsohon rumbun raga, lafiyarsa ƙalau," ya ce. Iwase ya zabura, Genzo ya ɗaga masa hannu. "Zauna tukuna. Noboru ba shi da mota, ku cire shi."

"Dama wa ya sa ni?" in ji Noboru.

"Wanda ya ɗauki jirgin ya yi niyyar fita da shi gari, shi ya sa ya daidaita tayoyi. Dutse ya tare shi, ya juyo da ƙyar. A tafiya da dawowa ya bi ta kan tsakuwar Noboru don gudun kare. To ku ji abin da ya yi. Gari na wayewa, kowa na iya leƙowa ya gan shi, amma ya tsaya ya tsince lakar da taya ta bari, ya ja manjagara, da ya ga ciyawa ta fito a filin maƙwabci, zuciyarsa ta kasa wucewa, ya tuge ta." Ya juya. "Ɗan birni, ta ina ake jan manjagara a mashanya?"

Shingo ya dube shi. "Dama akwai ta inda ake ja ne, Baba?"

Wasu suka yi dariya, ba su so ba.

"Kai fa Tsuboya, yaushe rabonka da tuge ciyawa a mashanya? Iwase? Noboru?"

Maza suka shiga kallon juna, har yanzu ba su gane ba. Amma a baya, inda mata suke, ƙarar kofuna ta ɗauke. Kowace ta sunkuyar da kai. Mu mun gane tun bai rufe baki ba.

Sai Kinue ta dafa bango ta miƙe.

"Ya isa, Yaya Genzo. Ku ƙyale ɗan mutane. Ni ce."

Iwase ya waiwayo, baki buɗe. "Ke? Ke da ko ja da baya ba ki iya ba?"

"Shi ya sa na sha wuya a bakin rami."

"Tayoyin fa?" in ji Tsuboya.

"Ranar da kuka tafi taro gari na gwada jan ta a kwalta, ta yi ta tsalle har na tsorata. Sai na riƙa yi kaɗan kaɗan, duk sanda ya fita."

"Ina za ki kai min jirgi?" in ji Iwase.

"Wajen ƙanena, can kudu. Ya ajiye har a sauke tuta."

"Saboda me? Me na yi miki?"

Ta ɗaga hannuwanta biyu, yatsun a karkace kamar saiwar citta. "Bara ka ce ita ce ta ƙarshe. Bara waccan ma haka ka ce. In tuta ta tashi ka fita, ina da bakin cewa ba zan ja ba? Wace mace ce a garin nan ta taɓa zama a ɗaki jirgin mijinta yana ruwa? Gidan da ba jirgi ne kaɗai ake bari ya huta ba a zage shi ba."

"To me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa, Baban yara. Cewa ka yi in shafa man zafi."

Daga waje teku yana ta dukan duwatsu. Na zuba wa Iwase ido ina jiran ya ce mata wani abu, ko da kalma ɗaya. Na ga fuskarsa ta motsa. Amma ba ita ya kalla ba, maza ya kalla.

"Wannan maganar gida ce," ya ce. "Ba sata aka yi ba. Jirgina yana hannun matata, ina laifi a nan?"

Tsuboya ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa buhu. "To shi ke nan, ba sata, ba 'yan sanda. A tashi." Da zai wuce ya ɗan tsaya gaban Shingo, ya ce, "Gobe ka duba min tayar baya, kamar tana sacewa." A Nisenai wannan shi ne ban haƙuri, kuma ba kowa ke samu ba.

A bakin ƙofa Iwase ya ce a je a dawo da jirgi tun da sauran haske, tuta ba ta jiran kowa. Kinue ta ɗauki rigar ruwansa ta bi bayansa. Ta gifta ta gabana, na kasa ɗaga ido.

*

Teku ya lafa kafin a gama kwashe lakar. Da safen da aka ɗaga tuta hanya tana nan a toshe. Mihoko ta warware kayan da ta ɗaure, matar mai kanti ta aiko mata da wake mai zaƙi, Shingo yana ta fito da baki a shago. Na samu abin da nake so, kuma na yi murna, ƙarya ne in ce ban yi ba. Sai dai murnar ta ƙi zama a cikina.

Na bar wa Shingo shago na sa takalman roba na gangara mashanyar Iwase. Kinue tana can ita kaɗai, a duƙe, ta saƙalo jiƙaƙƙen kombu da wuyan hannu tana ja, tsawonsa ya fi ta sau nawa. Na kama ɗaya bakin. Ba ta dube ni ba, ba ta kore ni ba. Muka shimfiɗa, muka koma muka ɗauko wani. Bayana ya fara ciwo tun ba a je ko'ina ba.

Can ta ce, "Ko ba ki kira Genzo ba, da zan tashi in faɗa."

"Na sani."

"Ƙarya kike, ba ki sani ba. Ni kaina ban sani ba."

Muka ja wani. Daga nesa ga kwale-kwalen Iwase ya juyo, ya yi lodi har ya kusa nutsewa, tsohon yana ɗaga mana hannu mu yi sauri.

"Tomie," ta ce, idonta a kan tsakuwa. "Tayoyin nan, da kika juya su. Sun daidaita?"

"Sun daidaita, Kinue. Da sun kai ki."

Ta tsaya, ta daɗe a tsaye, kombun yana ɗiga a kan takalminta. Sannan ta goge hanci da kafaɗa ta sake duƙawa.

"Ɗaga naki gefen," ta ce. "Kina ja min a ƙasa."